Ko Kun Sani? Gidan da Kokawa Ta Zama Gado

A garin Del City na jihar Oklahoma, Amurka, 'yan'uwa huɗu 'yan gidan Smith, wato Lee Roy da John da Pat da Mark, duk a makarantar sakandaren garin suka fara tashe a kokawa. John ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1988 da ta 1992. Salonsa abin kallo ne: kafin ka ƙifta ido ya zube ƙasa ya cafki ƙafar abokin karawa. Pat ne ya fara cin kambun manyan jami'o'in Amurka sau huɗu. 'Ya'yan 'yar'uwarsu, Mark da Chris Perry, kowanne ya ci shi sau biyu. Joe ɗan John kuwa, mahaifinsa ne ya horar da shi a jami'a.