Tiyon turbo: ɗan ƙaramin abu mai ruɓar da kaya a hawan Buza da Keita

Duk ɗan kasuwa ko ƴar kasuwar da ke bin hanyar da ta tashi daga Madawa ta ratsa Buza da Keita zuwa Tawa, ya san hawan duwatsun Adar ba wasa ba ne. A nan ne za ka ga mota ɗauke da albasar fadamar Tarka ko tumatur ta yi sanyi, tana ta tuttular baƙin hayaƙi, har a sauke fasinja a sa dutse bayan taya. Sau da yawa lafiyar injin ƙalau, tiyo ne kawai ya tsage.

Da yawa daga cikin motocin gazuwal da ke jigilar kaya yanzu, irin su Hilux da manyan kamyo, suna da turbo, wato na'urar da ke danna iska cikin inji domin ya ƙara ƙarfi. To amma iskar da aka matsa zafi take yi, har takan wuce digiri 100, shi ya sa ake bi da ita ta cikin wani abu mai kama da radiyata ta huce kafin ta shiga inji. Tiyoyi ne ke kai ta su kuma dawo da ita. Zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da girgizar hanya, da man da ke tsatsafowa, su ne ke cinye robar har ta kumbura ta fashe.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne. Idan direba ya taka mota ka ji tana huci kamar kububuwa, ga baƙin hayaƙi, ga shan gazuwal fiye da ƙima, ga danshin mai a bakin mahaɗa, to iska na zurarewa. Ɗaure wurin da robar taya ko waya dabarar isa gari ce kawai, domin turbo zai yi ta wahala har shi ma ya lalace, kuma kuɗinsa ya ninka na tiyo nesa ba kusa ba.

Gyaran da ya fi ƙarko shi ne a sa tiyon silikon mai zare a ciki, inda hanya ta miƙe kuma a sa bututun alminiyom mai ɗan tudu a baki don kada ya zame, a ɗaure da kolye mai ƙarfi. Sai dai kada makanike ya ruɗe ka da bututu mai faɗin da ya wuce na asali sosai, domin sai ya cika da iska kafin mota ta amsa. A kuma duba kada ya riƙa gogar ƙarfe.

Ke kuma uwargida da ke haɗa kuɗi da ƴan uwa ku yi shatar mota daga Tamaske ko Sabon Gida, ba laifi ba ne ki ce direba ya buɗe gaban mota a duba kafin a yi lodi. Tumatur ba ya jiran makanike, kwana guda a rana ya isa ya cinye uwa da riba. Masu iya magana dai sun ce araha ba ta ado. Allah ya kai mu lafiya, ya ba da kasuwa mai albarka.