Mota Mai Jan Ciki a Titunan Abuja: Abin da Ya Kamata a Auna Kafin a Biya Kuɗi

Duk wanda ke bin titin Shehu Shagari da sassafe zuwa Sakatariyar Tarayya ya saba ganin gajerun motocin nan masu ƙofa biyu, waɗanda cikinsu ya kusa shafar kwalta. A kan wannan shimfiɗaɗɗen titi babu abin da ke tsayar da su. Sai dai kafin motar ta iso nan, ta riga ta sauko daga gangaren ƙofar gida, ta haye tudun rage gudu biyar ko shida a cikin unguwa, wataƙila ma ta ratsa wani ramin da ruwan daren jiya ya cika. A waɗannan wurare ne ake jin ƙarar da babu mai motar da ke son ji, wato gugar ƙarfe a kan siminti.

Tazarar da ke tsakanin ƙasa da mafi ƙasƙancin sashe na cikin mota ita ce ma'aunin wannan al'amari gaba ɗaya. A motocin tsere irin su Ferrari da Lamborghini tazarar takan kama daga santimita 10 zuwa 13. Motocin shiga na yau da kullum, irin su Corolla da Camry, suna tsakanin 13 da 16, yayin da Prado da Hilux suka haura 20. Bambancin bai wuce faɗin tafin hannu ba, amma shi ke raba motar da za ta wuce lafiya da wadda za ta bar bambarta a hanya.

Masu ƙera waɗannan motoci da gangan suke ƙasƙantar da su. Idan nauyin mota ya kusanci ƙasa, ba ta karkacewa sosai a kwana, kuma iskar da ke shiga ƙarƙashinta tana raguwa, sai tayoyi su ƙara kama titi lokacin da ake sharara gudu. An yi wannan lissafi ne domin filin tsere da manyan hanyoyin Jamus da Italiya. Layukan cikin Nyanya da Karu, ko na Mararaba a jihar Nasarawa, inda dubban ma'aikatan gwamnati ke kwana, ba su cikin lissafin.

Wurare uku da mota ke taɓa ƙasa

Adadin da kamfani ya rubuta a takarda ba shi ne dukan labarin ba. Wuri na farko da ke bugawa shi ne haɓar mota. Idan hancinta ya yi tsawo gaba da tayoyi, bamba za ta isa gangare kafin taya ta fara hawa, ko da kuwa tazarar ba ta yi ƙanƙanta sosai ba. Na biyu shi ne tsakiyar ciki: idan tayoyin gaba sun sauka daga tudu na baya kuma ba su hau ba, tudun na nan daidai ƙarƙashin mota, kuma gwargwadon nisan da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya, gwargwadon sauƙin daram a kansa. Na uku shi ne baya, inda bakin salansa ke gugar ƙasa lokacin fita daga gangare.

Haka nan ana auna tazarar ne da mota babu kowa a ciki. Da zarar an ɗauki mutane, an cika tanki, an saka buhun shinkafa a but, sai ta ƙara zama. Motar tokumbo da ta shekara goma tana aiki a Amurka, wadda sifirin da shokazobarta suka gaji, ta riga ta yi ƙasa da abin da aka rubuta tun kafin ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas.

Tudun rage gudu ma ba ɗaya ba ne a ko'ina. A Ingila, dokar 1999 ta hana tsayin tudun da ke kan titin gwamnati ya wuce santimita 10, kuma shi ya sa motar da ke da tazarar santimita 12 ke yawo a Landan. A unguwanninmu kuwa, sau da yawa mazauna layi ne ke haɗa kuɗi su kira birkila bayan wata mota ta kaɗe yaro, kuma babu mai tsaya masa da ma'auni. Dalilinsu abin fahimta ne, amma sakamakon shi ne tudu mai tsini wanda ko Camry sai ta yi dabara kafin ta haye.

Ɓarnar da ba a gani nan take

Karcewar bamba ita ce mafi sauƙin asara. A motar da injinta ke gaba, kwanon da baƙin mai ke taruwa yana can ƙasan inji, kuma a motocin zamani da yawa da alminiyum ake yin sa, wanda ke tsagewa maimakon lanƙwasa. Idan ya tsage, mai zai tsiyaye a kan hanya, direba na tafiya bai sani ba, har sai jar fitilar mai ta kama. Wanda ya ce bari ya lallaɓa ya ƙarasa ofis a wannan hali, injin ne zai buga, kuma kuɗin wani injin ya fi albashin watanni da yawa na ma'aikaci mai matsakaicin mataki. A jikin salansa kuma akwai matatar hayaƙi, wadda makanikan Apo ke kira indomi, da cikinta ke farfashewa idan ta sha duka. Motoci irin su Porsche 911, da injinsu ke baya, suna ɗauke da lagireto a cikin bambar gaba, daidai inda ake fara yin karo.

Tayoyi su ma suna da nasu rabon. Lambar da ke jikin taya tana faɗin kaurin gefenta. Taya mai lamba 205/65 tana da gefe na kusan santimita 13, mai lamba 245/35 kuwa bai kai 9 ba. Wannan siririn roba shi kaɗai ne tsakanin wili da bakin rami, don haka rami ɗaya a hanyar Abuja zuwa Lokoja ya isa ya kumbura taya ya kuma lanƙwasa wili.

Damina ta fi kowane lokaci haɗari. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa kan kwanta a sassan Lokogoma da Lugbe bayan mamako. Yawancin motoci masu jan ciki suna shaƙar iska ne daga ƙasa-ƙasa. Idan inji ya zuƙi ruwa, tun da ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sandunan fistin ne ke lanƙwashewa. Ruwan da Hilux za ta ratsa ba tare da direbanta ya rage gudu ba yana iya zama ajalin injin wata motar.

Abin da kamfanoni suka yi, da abin da mai mota zai yi

Kamfanonin sun san da matsalar. Porsche na sayar da na'urar da ke ɗaga gaban 911 da kimanin santimita 4 idan an danna maɓalli ana tafiya a hankali. Chevrolet Corvette ta zamanin nan tana da irinta, har tana iya haddace wurare 1,000 ta hanyar tauraron ɗan'adam, ta ɗaga kanta da kanta idan ta iso su. A 2022 Porsche ya fitar da 911 Dakar, wadda tazararta ke kai wa santimita 19, domin tunawa da nasarar da ya samu a gasar Faris zuwa Dakar ta 1984. A shekarar kuma Lamborghini ya nuna Huracán Sterrato, wadda aka ƙara wa tsayi da milimita 44.

Ma'aikacin da ke sha'awar tsohuwar Mustang, ko Marsandi mai ƙawar AMG, ko hadimin da aka danƙa wa makullin motar maigida, ba lallai ya sami wannan na'ura ba. Abin da ya rage masa shi ne tuƙi da lura. A rage gudu tun daga nesa, a saki birki kafin taya ta taɓa tudu, domin taka birki yana sunkuyar da hancin mota. A shiga tudu ko gangare a karkace, yadda tayoyi za su hau ɗaya bayan ɗaya. Idan an ji duka mai ƙarfi, a tsaya a leƙa ƙasa ko mai na ɗiga, idan kuma fitilar mai ta kama, a kashe inji nan take a nemi motar da za ta ɗauke ta a bayanta, kada a ja ta da igiya. Ruwan da ba a ga ƙasansa ba, a jira shi ya janye.

Makanikai kan ba da shawarar a saka zobba a saman shokazoba don a ɗaga mota. Hakan na ƙara tazara, amma yana sauya zaman tayoyi da yadda mota ke shan kwana, kuma dole a sake daidaita ƙafafun bayan an gama. Farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji yana kare kwanon mai, ko da yake shi ma yana cin ɗan abin da ya rage na tazarar.

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kafin a biya dillali, a ɗauki tef a auna tudun da ya fi kowanne tsayi tsakanin gida da ofis, a duba gangaren ƙofar gida da na wurin ajiye motoci, sannan a auna cikin motar da mutane zaune a ciki. Idan dillalin ya yarda, a tuƙa ta har ƙofar gidan a gani da ido.