Jarrabawar Masu Rubuta Manhaja: Ilimi Ake Aunawa Ko Sarari?

Duk saurayin da ya ƙware a rubuta manhajar kwamfuta, ko a Jami'ar Maiduguri ya yi karatu ko kuwa a ɗakinsa a Dala ya koya wa kansa, in ya nemi aiki a manyan kamfanonin wannan sana'a, ba takardar shaida ake fara dubawa ba, sai a ɗora masa mas'alolin wasa ƙwaƙwalwa a dandali irin su HackerRank, a ce ya warware cikin sa'a guda, wani lokaci ma mai jarrabawa na kallonsa ta kyamara. In ya haye, sai a ba shi aikin gida mai cin kwanaki, ba ko sisi, sa'an nan a yi ta kiransa ganawa.

Al'adar daga Amurka ta taso, inda Microsoft ya shahara da tambayar hikimar da ta sa murfin ramin kwata yake da'ira, har a 2013 Laszlo Bock, shugaban sashen ma'aikata na Google a lokacin, ya fito fili ya ce irin wannan kacici-kacici ɓata lokaci ne. Aka rage shi, aka riƙe mas'alolin lissafi, waɗanda galibi ba a cin su sai da muraja'ar watanni a dandalin LeetCode; mutanen Barno kuwa, da ake zuwa ƙasarsu neman hadda tun kaka da kakanni, sun fi kowa sanin cewa tilawa ba ta zama sai ga mai sarari da natsuwa.

To, ina sararin yake? A Janairun 2021 mahara suka tarwatsa turakun lantarki na hanyar Damaturu, birnin Maiduguri ya daɗe cikin duhu, kuma ko da yake an buɗe tashar lantarki ta gas mai megawat 50 a 2023, har yau ɗalibi sai ya lissafa kuɗin caji da na data kafin ya zauna jarrabawar da yankewar intanet na daƙiƙa kaɗan ke iya rushewa, balle wanda ke tuƙa Keke Napep da rana domin ciyar da mahaifa.

Ba mu ce a ɗauki ma'aikaci ba gwaji ba, domin amana ce za a damƙa masa. Amma masu kamfanoni su dubi Allah su taƙaita gwajin, su sa shi ya yi kama da ainihin aikin, in kuwa zai ci wa mutum yini, su biya shi ladan yininsa.