Kaska da Zazzaɓin Kirimiya-Kwango

Da zarar ruwan farko ya sauka a ƙasar Bebeji da Ƙiru, ciyawa ta tsiro a gefen Tiga da Bagauda, sai kaska ta soma yawaita a jikin shanu. A Tudun Wada da Doguwa, inda dajin Falgore yake kuma ruwan sama ya fi yawa, abin ya fi tsanani. Makiyayi ya san kaska a matsayin mai shan jini da jawo kirci. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wani jinsinta na ɗauke da ƙwayar cutar da ba ta kwantar da saniya, amma tana iya kashe mai ita.

Masana na kiran wannan jinsi Hyalomma. Ana gane ta da dogon baki da ƙafafu masu ratsi-ratsi, kuma ta fi sauran kaska jure fari da zafi. Tun tana ƙarama takan lafe a jikin zomo ko bushiya ko tsuntsayen ƙasa irin su zabo. Idan ta girma sai ta koma kan shanu da tumaki da raƙuma. Uwa kan gadar wa 'ya'yanta ƙwayar cutar ta cikin ƙwai, don haka cutar ba ta ƙarewa da mutuwar kaska ɗaya.

An fara bayyana zazzaɓin a yankin Kirimiya a 1944, aka sake samun ƙwayar a Kwango a 1956, sai a 1969 aka tabbatar abu ɗaya ne, aka haɗa sunayen biyu. A Nijeriya, masu bincike a Jami'ar Ibadan sun samo ta a jikin kaska da dabbobi tun shekarun 1960, kuma wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna tana kama mutane a Jihar Borno. Shanu kuwa, mai karatu ya sani, ba su san iyakar jiha ba.

Dabbar da ta kamu kan riƙe ƙwayar a jininta kamar mako guda ba tare da wata alama ba. A nan haɗarin yake. Yaron da ya tsince kaska daga hantsar saniya ya murtsuke ta da yatsu, da mahaucin da ke fiɗa da rauni a hannu, duk sun buɗe wa cutar ƙofa. Bayan cizo, zazzaɓi kan taso cikin kwana 1 zuwa 3, da ciwon kai da na gaɓoɓi, har a ɗauka na cizon sauro ne. Daga baya sai haɓo da zubar jini daga dasashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yakan kashe kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda suka kamu, kuma jinin majinyaci na iya harbin mai jinyarsa.

Wanda kaska ta maƙale wa, ya sa matsefata ya kama ta daf da fata, ya ja a hankali, ya wanke wurin da sabulu. Ragon layya kuwa a yi masa feshin maganin kaska mako biyu kafin yanka. Idan zazzaɓi ya biyo bayan cizo ko fiɗa, a gaya wa likita hakan tun a bakin ƙofa.