Koyon Kalmomin Yau da Kullum Daga Hirar Fitattun Mutane

Idan ka shiga gidan kallon ƙwallo a Azare bayan an tashi daga wasa, za ka tarar da wasu samari ba su fita ba. Suna jiran hirar da 'yan jarida za su yi da 'yan wasa. Da yawansu a nan suke tsintar Turancin da ba su samu a aji ba. Kai da kake koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, wannan hanya za ta yi maka amfani, in ka bi ta da tsari.

Ka ɗauka ka gama sakandare, ka samu gurbi a Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau, wadda gwamnatin Jihar Bauchi ta kafa a 2011. A aji da Turanci za a koyar da kai. Amma mai shayi da ɗan acaɓa da direban da zai kai ka kasuwar Azare da Hausa za su yi maka magana, kuma da sauri. Littafi ya koya maka gaisuwa da ƙirga. Kunnenka kuwa sai ya saba da maganar mutane kafin ka iya mayar da amsa.

Me ya sa hira ta fi dacewa?

Mai karanta labarai yana amfani da kalmomin siyasa da mulki. Ɗan wasan kwaikwayo kuma yana faɗin abin da aka rubuta masa. A hira kuwa, mutum yana ba da labarin rayuwarsa da bakinsa. Akwai irin waɗannan shirye-shirye da dama. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, tana da "Kundin Kannywood". Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, yana da "Daga Bakin Mai Ita". Hadiza Gabon ma tana da shirinta na hira da abokan sana'arta.

Babban amfanin hira shi ne maimaici. Baƙo yana canzawa, amma tambayoyin kusan iri ɗaya ne: A ina aka haife ka? Yaya aka yi ka fara wannan sana'a? Wane abinci ka fi so? Me ke ɓata maka rai? Idan ka saurari mutum biyar suna amsa tambaya ɗaya, za ka ji kalmomi irin su "tasowa", "sana'a", "maigida", "ƙalubale" da "buri" sau da yawa, har su zauna maka.

Amfani na biyu shi ne lafazi. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" da mutane suke zaune a ciki da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya ne, amma furucinsu daban. Kunne ne kaɗai zai koya maka bambancin.

Yadda za ka yi

Da farko, zaɓi guntun hira da bai wuce minti uku ba. Ka saurare shi sau ɗaya ba tare da ka rubuta komai ba, domin ka gane kan zancen. A karo na biyu, ka riƙa tsayar da shi kana rubuta abin da ya shige maka duhu. Kada ka wuce abu biyar a zama ɗaya.

Abu mafi muhimmanci shi ne ka rubuta kalma tare da maƙwabtanta. Ka san "sha" a cikin "sha ruwa". To, baƙo zai iya cewa ya sha wuya kafin ya yi suna, ko ya sha suka daga masu kallo. A nan "sha" na nufin fuskantar abu mai yawa ko mai zafi. Haka "ci" yake: ana cin nasara, ana cin riba, ana cin jarrabawa, ana kuma cin amana. Wanda ya rubuta "ci" kaɗai bai ƙaru da komai ba.

Ka kuma lura da ƙananan kalmomi kamar "dai", "kam", "fa" da "ma". "Ni ma ina so" na nufin mai magana ya bi sahun wani. "Ni dai ina so" na nufin ra'ayinsa ke nan, ko da wasu ba su yarda ba. "Ni fa ina so" kuwa jan hankali ne, kamar ana gargaɗi. Fuskar mai magana da muryarsa za su taimake ka ka rarrabe su.

Bayan haka, ka duba ƙamus, misali Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da aka buga a 2006, ko ka tambayi malaminka. Daga ƙarshe, ka yi amfani da abin da ka koya a ranar, ko da da abokin zamanka ne. Kalmar da ba ta fita daga bakinka ba, ba ta zama taka ba tukuna.

Abubuwan kiyayewa

Ba duk abin da fitaccen mutum ya faɗa ne abin koyi ba. Wasu suna cakuɗa Hausa da Turanci, abin da ake kira Ingausa. Wannan ba zai karɓu a takardar jarrabawa ba. Wasu kuma suna amfani da sara irin ta samari. Kalmar da ta dace tsakanin abokai tana iya zama rashin kunya a gaban dattijo. Saboda haka ka duba wa yake magana, kuma da wa. Ka lura da yadda mai gabatarwa yake cewa "ranka ya daɗe" ko "Baba" idan baƙonsa babba ne.

Akwai kuma bambancin kari. Yawancin waɗannan shirye-shirye sun fi kusa da Hausar Kano, wadda aka gina daidaitacciyar Hausa a kanta. A ƙasar Katagum akwai karin da ake kira Guddiranci, kuma a wasu sassan Jihar Bauchi za ka ji ana cewa "motan Audu" a maimakon "motar Audu". Wannan ba kuskure ba ne a bakin masu shi. Ka fahimce shi idan ka ji, amma ka rubuta daidaitacciya a aji. Hausawa sun ce, kowa ya yi haƙuri shi ke samun riba.

Aiki

1. Kawo dalilai biyu da suka sa hira ta dace da mai koyon harshe.
2. Gina jimla ɗaya da "sha wuya", ɗaya kuma da "ci amana".
3. Saurari wata hira a wannan mako, ka kawo wa ajinku sababbin kalmomi biyar tare da jimlolin da ka ji su a ciki.