In Begila Ta Karɓi Waƙar Fauré, Ina Baitocin Suke?

Kwanakin baya wani abokin aikina ya kunna mini "Après un rêve", waƙar da Gabriel Fauré, shahararren mai tsara kiɗa na Faransa, ya ɗora a kan baitocin Romain Bussine, aka wallafa ta a 1878. Sai dai babu muryar ɗan Adam a ciki. Begilar tirampet ce ke rerawa, fiyano na yi mata rakiya. Sautin ya ratsa ni, amma a matsayina na ɗalibin ilimin harsuna, sai na ji kamar an yi mini ƙwace.

Dalili kuwa, Faransanci ba harshe ne mai karin sauti ba. A Hausa, hawa da saukar murya na rarrabe ma'ana, shi ya sa kalangu da kakaki ke iya faɗin kirarin sarki, wanda ya san kirarin kuma ya gane. Begila ba ta da wannan gata a Faransanci. Da zarar an ɗebe baƙaƙe da wasulan hanci, labarin masoyin da ya farka daga mafarki yana roƙon dare ya dawo ya salwanta ke nan.

Ba tirampet ta fara ba. Tun 1910 Pablo Casals ya mayar da waƙar kan babban gogen selo. Amma mai begila ya fi shi kusa da mawaƙi, domin tilas ya ja numfashi. Gwani kan fara koyon baitocin, ya numfasa inda jimla ta dire. Wanda bai koya ba kan datse magana a tsakiya, kuma kunnen Bafaranshen da ya haddace waƙar zai kama shi.