Ƙa'idojin aikin masu tsara birane: Darasi daga Abuja

A duk lokacin da motar rusau ta shiga wata unguwa, mai gida ne ake gani yana kwashe kaya. Ba kasafai ake tambayar jami'in da ya sa hannu a takardar izinin ginin ba, ko wanda ya kawar da kai har ginin ya tashi.

Wannan ne ya sa ƙa'idojin aikin masu tsara birane suka shafi kowa, kuma Abuja na cikin wuraren da suka fi nuna hakan a Najeriya.

Yadda aka tsara birnin

A shekarar 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni, kuma a 1979 wani kamfanin Amurka, International Planning Associates, ya miƙa taswirar birnin. An keɓe wuraren gidaje da kasuwanni da makarantu da lambunan shaƙatawa da hanyoyin ruwa. Gwamnati ta ƙaura daga Legas a watan Disambar 1991.

To amma kafin a je ko'ina, filayen da aka ware domin amfanin jama'a sun fara komawa hannun ɗaiɗaikun mutane, wasu gine-ginen ma a kan bututun ruwa da magudanan ƙazanta aka ɗora su.

Lokacin da Malam Nasiru el-Rufa'i ya riƙe muƙamin ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, an rusa gine-gine masu yawa da sunan maido da taswirar asali. Ƙungiyar kare haƙƙin muhalli ta COHRE ta ƙiyasta cewa mutane kimanin 800,000 ne aka tasa daga matsugunansu. Wasu daga cikinsu suna riƙe da takardun da suka ce daga ofisoshin gwamnati suka fito.

Abin da ake buƙata daga ma'aikaci

Ƙa'ida ta farko ita ce fifita maslahar jama'a a kan ta attajiri ko ɗan siyasa. Mai tsara birni yana yi wa mutanen da ba sa wurin aiki ne, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Ta biyu ita ce guje wa son zuciya. Bai halatta jami'i ya duba takardun ginin da yake da hannun jari a cikinsa ba, ko ya yanka wa kansa da 'yan uwansa fili ta bayan fage, balle ya karɓi na goro.

Ta uku ita ce faɗin gaskiya. Idan fili yana kan hanyar ruwa, wajibi ne ya rubuta hakan a rahotonsa, ko da na gaba da shi ba ya son ji.

Ta huɗu kuwa ita ce tuntuɓar mazauna wuri kafin a zartar da hukunci a kansu, tare da ba su wa'adi da damar ɗaukaka ƙara.

Wa ke hukunta mai laifi?

An kafa ƙungiyar masu tsara birane ta Najeriya, NITP, a 1966. A 1988 kuma doka ta kafa hukumar TOPREC, wadda ke yi wa masu sana'ar rajista, kuma tana da ikon soke rajistar wanda aka samu da saɓa ƙa'ida. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta shimfiɗa matakan ba da izinin gini.

Sai dai kuma ikon rabon fili ba a hannun ma'aikaci yake ba. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen jihohi a hannun gwamnoni, a Abuja kuwa minista ne ke da wuƙa da nama. Don haka jami'in da ya ƙi sa hannu yana iya fuskantar sauyin wurin aiki, a kawo wanda zai sa.

Duk da haka, sa hannun ƙwararre ne ke ba takarda daraja a idon mai saye. Idan aka zo rusau, gidan ne ke faɗuwa, sunan jami'in kuwa yana nan a cikin fayil, kuma nan ya kamata bincike ya fara.